Igiyar da Ba a Ɗaura Ba

A ƙarshen kaka, a zamanin da Dakoro ba ta wuce rijiya da 'yan gidaje da zangon fatake ba, a gidan Mainassara ake ɗora wa raƙuma geron da ke tafiya Abzin a musanyo gishiri. A bayan rumbunansa akwai dogon dakali na ƙasa mai tsayin ƙugun mutum. A kansa ake jera taikunan gero, manyan jakunkunan fata. Sai a gurfanar da raƙumi a gindinsa, mutum biyu su turo taiki daga sama, na uku ya tare shi da kafaɗa daga ƙasa har a haɗa ɗauri. Tsakanin cikin raƙumi da bangon dakali babu fili sai na tsayuwar mutum ɗaya, kuma mai tsayawa a wannan matsi shi ne Abarci, baran gidan.

Aikin yana da ƙa'ida guda wadda kowa ya sani: ba a ɗora wa raƙumi kaya sai an ɗaure masa gwiwa a naɗe, domin kada ya zabura ya tashi alhali mutum na ƙarƙashin kayan.

Ranar da ayari zai tashi, malamin da aka tambaya sa'a ya ce a bar gari kafin inuwar gawo ta janye daga bakin rijiya. Inuwar ta fara janyewa, raƙumi ɗaya ya rage, sabon saye, wanda bai saba da kaya ba. Abarci ya durƙusa da igiya a hannu. Harisu, ƙanen Mainassara, wanda ke tsaye bisa dakali yana ba da umarni, ya daka masa tsawa.

"Kai, Abarci! Mi kake tono nan ƙasa kamar kaza?"

"Gwiwa zan ɗaure, Malam Harisu. Wanga bai san kaya ba."

"Shi bai san kaya ba, kai ba ka san sa'a ba. Dubi inuwa! Tashi ka tara kafaɗa, matsoracin banza!"

Abarci ya waiwayi Mainassara, wanda ke zaune bisa buzu yana jan carbi. Maigidan ya ji komai. Bai ce a ɗaure ba, bai ce a bari ba. Ya dai ɗaga kai ya dubi gawo. A gidan nan, irin wannan kallo ya fi tsawa ƙarfi.

Abarci ya naɗe igiyar a wuyan hannunsa, ya shiga matsin. Aka turo taiki. Da nauyin ya taɓa gadon bayan raƙumin, sai ya yi ruri ya ɗago gindi, ya banke Abarci da bangon dakali, taikin ya zame ya sauka a kan cinyarsa. Waɗanda ke sama sun ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Da aka janye taikin, ga ƙafar a karkace, ga bakin ƙashi ya huda fata, jini yana bin ƙasa.

Mainassara ya miƙe tsaye. Bai dubi ƙafar ba. Ƙofar gida ya duba. Rabin kayan ayarin sautun maƙwabta ne, mutanen Korahane da na Ajekoriya, suna can bakin rijiya suna jiran sallama. A wurin fatake kuwa, idan ƙashi ya karye ko jini ya zuba inda ake ɗaukar kaya ranar tashi, tafiyar ta ɓaci. Kowa zai sauke nasa, wani ma ya kai wa wani madugun.

"Ba wanda yag gani," in ji shi, muryarsa a ƙasa. "Ku toshe mai baki. Harisu, a zuba rairayi bisa jinin nan. In an tambaya, zazzaɓi yak kama shi da asuba."

Aka cusa wa Abarci gefen rawanin Harisu a baki, aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa wani tsohon ɗaki da ake tara harawa. Daga nan ya ji an ɗora wa raƙumin kaya, wannan karon mutum uku suna danne shi. Ya ji an shafa fatiha. Ya ji ayarin da ya kamata ya bi ya tashi cikin sa'a.

Azumi, matar Abarci, tana cikin masu dakan gidan. Sai da rana ta take aka ce mata ta kai wa mijinta ruwa. Ta shiga da ƙwarya, ta ga ƙafar, ƙwaryar ta faɗi. Ba ta tsaya kuka ba. Ta nufi zaure, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, ƙashi ne. A aika Kornaka a ɗauko Mahamman maɗori tun da ɗanyensa."

"Sassauta murya, Azumi. Za a aika. Amma in anka ga maɗori ƙofar gidan ga yau, masu sautu za su hau dawaki su tare ayari. Ki bari su yi nisa."

"Ƙafar za ta jira?"

"Abarci ɗana ne. Kin fi ni jin zafinsa?"

Ta koma ta wanke raunin da ruwan zafi, ta ɗaure da tsumma. Abarci, yana haki, ya ce mata ta yi haƙuri. "Maigida bai taɓa barin nashi ba. Ranar aurenmu wa yab ba da akuya?"

"Akuyar da munka ci tun tuni? To ka tashi ka taka da ita."

Ya yi ƙoƙarin dariya, zafi ya tsinke ta. Igiyar nan tana naɗe a hannunsa. Duk lokacin da raɗaɗi ya taso, ita yake cizawa.

Ayari ya yi nisan da doki ba zai cim masa ba, Azumi ta koma zaure. Mainassara ya ce dokin yana ɗingishi. Ta sake komawa, ya ce a bari kasuwa ta ci, za a sami mai tafiya. Kasuwa ta ci ta watse, ya ce ya manta, shekaru sun fara yi masa yawa. Bai taɓa ce mata a'a ba. Da ya faɗa, da ta san inda take tsaye. Amma wanda ake ce wa gobe kullum yana kwana da ɗan abin riƙewa, kuma wannan ɗan abin shi ke hana shi neman wata ƙofa.

Cinyar ta kumbura ta yi sheƙi, ta ninka 'yar'uwarta. Abarci ba ya iya juyawa. Gadon bayansa ya sale da kwanciya. Ƙudaje suka gane ɗakin. Akushin da ake aiko masa daga madafa ya fara raguwa, har ya koma ƙanzo da ruwan miya. Azumi ta kai kuka wurin Rahamatu, uwargidan Mainassara, wadda ke riƙe da mudun gida.

"Inna, tuwon nan ko mage ba zai ƙosar ba."

"Mai kwance mi zai yi da tuwo mai yawa? Masu aiki sun fi shi bukata." Rahamatu ba ta ɗago daga kaɗin da take yi ba. "Ni ma fa na ji yadda anka yi. An ce bai yi bisimilla ba da zai shiga. Mutum shi yi sakaci da bakinsa, sannan a ɗora wa gida laifi?"

"Igiya zai ɗaure anka hana shi."

"Wa yah hana shi? Maigida yac ce kar shi ɗaure? Tambaye shi. In ya ji kalmar daga bakin maigida, in yanke kitsona."

Azumi ta san gaskiya ne: maigida bai ce komai ba. Shirun nan da ya karya mijinta, shi ne yanzu ya zama shaidar wanke mai shi.

Da ta ga haka, ta bar wa wata maƙwabciya amanar ba shi ruwa, ta bi masu jakai zuwa Kornaka a ƙasa. Ta isa ƙafafunta a faffashe, ta sami Mahamman maɗori a ƙofar gidansa yana feƙe karare. Dattijo ne siriri, mai manyan yatsu. Ya saurare ta har ta gama, ya tambayi inda ƙashin ya karye, ya tambayi launin fatar, fuskarsa tana ƙara ɗaurewa.

"Ɗiyata, ina saƙon maigidan?"

"Ni ce saƙon."

"Ba haka ake yi ba. Ba ni taɓa ƙashi cikin gidan da mai shi bai kira ni ba. Haka nig gada. In na shiga da kaina, mutum yam mutu hannuna, wa zai tsaya mini? Sai a ce na kashe baran mutane. Kalma ɗaya nike so. Shi aiko ko da sandarsa ce, in taso ko ina cikin cin tuwo."

"In bai aiko ba fa, Baba?"

Mahamman ya dubi karan da ke hannunsa. "To ki yi sauri shi aiko. Ƙashi ba shi jiran sulhun mutane."

Ya ba ta garin magani ta riƙa barbaɗawa, ya ba ta fura ta sha, ta juyo.

Labarin tafiyarta ya riga ta isowa. Wannan karon Mainassara bai yi mata murya mai laushi ba. Harisu yana gefensa yana sakace.

"Kin ɗauki asirin gidana kin kai kasuwar Kornaka?"

"Maɗori kaɗai nig gaya wa. Baba, sandarka kawai yake so. Ni zan kai ta, ni zan maido ta."

"In ba ki sanda, gobe duk ƙasar ga ta san na ce zazzaɓi alhali karaya ce. Mutanen Korahane su ce na tura dukiyarsu bisa jini. In ko jaki ɗaya yaɓ ɓace a hanya, wuyana za su kama. Kina so ki rushe gidan da kuke ci a ciki?"

"Ai ya riga ya fara haɗewa," in ji Harisu. "Ƙashin talaka kamar na kare ne, da kansa yake ɗoruwa."

"Allah shi ba ka irin ɗorin, Malam Harisu."

"Ka ji ta ko, yaya? Baiwar Allah ga bakinta ya fi na mijinta lafiya!"

Mainassara ya ɗaga hannu. "In ayari ya dawo lafiya, ni da kaina zan aika. Kafin nan, Allah shi ne maɗori. Ki tashi."

Ayarin Abzin kuwa ba ya dawowa sai bazara ta kusa.

Daga nan Abarci ya daina tambayar ko an aika. Fatar da ke kewaye da raunin ta yi baƙi, wari ya cika ɗakin har masu ɗibar harawa suka riƙa toshe hanci suna tsaki. Rahamatu ta sa aka kwashe harawar zuwa wani wuri, kada dabbobi su ƙi ci. Shi aka bar shi a nan. Zazzaɓin da aka ƙaga masa ya zo da gaske. Idan ya lafa, sai ya kwanta yana kallon rufin, yana murza igiyar tsakanin yatsunsa.

"Azumi," in ji shi wata rana, "kin san abin da ke cina? Ba ƙafar ba. Igiyar tana hannuna. Na riga na durƙusa. Da na yi kunnen ƙashi, da kafin Harisu shi gama zagi na gama ɗauri."

"Da sun kore mu."

"Da mun tahi da ƙafafu huɗu."

Wata safiya sai gidan ya ɗauki hayaniya. Taguwar Mainassara, raƙuma fara mai ciki, wadda bai yarda ta bi ayari ba saboda tsananin sonta, ta zame a laka a bakin rijiya, ƙafarta ta gaba ta gurɗe. Kafin a gama jawo ta gida, dokin da ke ɗingishi ya warke. Azumi ta ga an ɗaura masa sirdi, ta ga mahayin ya karɓi sandar maigida ya soke a ɗamara, ya nufi kudu a sukwane.

Washegari da hantsi aka ture asabarin ɗakin Abarci. Harisu ne, karo na farko tun ranar da aka shigo da shi. Abarci ya yunƙura zai gyara kwanciya, idanunsa suka ɗan yi haske.

"Malam Harisu. Sannu da zuwa."

Harisu ya ja rawani ya rufe hanci, yana waige-waige. "Igiyar gwiwa nike nema. Duk na gida sun bi ayari, an ce akwai ɗaya wurinka. Maɗori ya iso, ya ce ba shi taɓa taguwa sai an ɗaure ta."

Abarci ya daɗe yana kallonsa. Sa'an nan ya kwance igiyar daga hannunsa a hankali, duk ta sha cizo, ya miƙa.

"Ka yi mata ɗauri biyu," in ji shi. "Kar ta tashi ta ji wa wani."

Azumi ta bi bayan Harisu zuwa gindin dakali. A nan aka gurfanar da taguwar, a kan rairayin da aka zuba wa jinin mijinta. An yi mata rumfa da zana. Mainassara na tsugune yana shafa wuyanta yana kiranta da suna, Harisu na ja da igiya yana faɗa wa barori su yi a hankali, ba gaggawa ake ba. Mahamman ya ja ƙafar ya mayar da gaɓar, ya jera karare, ya naɗe. Maƙwabta sun taru suna kallo.

Da ya miƙe yana wanke hannu, Azumi ta ratsa maza ta tsaya a gabansa.

"Baba, ka gane ni?"

Ya gane ta.

"Ka ce ba ka shiga gidan da mai shi bai kira ka ba. To yau ya kira ka, ga sandarsa can hannunsa. Akwai sauran ƙashi cikin gidan ga."

"Azumi, koma ciki!" in ji Mainassara.

"Wane ƙashi?" in ji wani mutumin Korahane. "Ba zazzaɓi anka ce ba?"

"Zo ka sunsuna zazzaɓin, Malam. Ga ɗakin can."

Mahamman bai jira izini na biyu ba. Ya shiga, mutane suka biyo shi har bakin ƙofa, warin ya tsayar da su a nan. Ya durƙusa ya kwance tsumman, ya danna sama da raunin, ya danna ƙasa, ya taɓa mara. Abarci bai ko motsa ba. Wurin ya daina jin taɓi. Dattijon ya mayar da tsumman yadda ya same shi, ya zauna a kan dugadugansa.

"Faɗa mini, Baba," in ji Abarci. "Ni ba taguwa ba ne, ina jin magana."

"Karayar mai sauƙi ce, ɗana. Da na same ta ɗanya, da yanzu kana dogara sanda. Amma ruɓar ta wuce cinya, ta hau ciki. Hannuna ba shi da aiki nan."

Ya fito ya tsaya a gaban Mainassara, a idon jama'a. Maigidan ya riga ya shirya fuskarsa.

"Wayyo, Malam Mahamman! Da na san abin ya kai haka! Mata ne ke shiga wurinsa, ba su gaya mini ba. Shi kuma Abarci akwai zurfin ciki, ko kuka ba shi yi."

"An toshe mai baki da rawani," in ji Azumi. "Rawanin Harisu. Ga shi nan bisa kansa."

Mutumin Korahane ya dubi ƙasa. Geronsa yana hannun madugun Mainassara a can cikin Abzin, kuma ba a faɗa da mai jirgi a tsakiyar kogi. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, kowa yana cewa Allah ya sawwaƙe. Mahamman ya ƙi cin tuwon da aka kawo masa, ya hau jakin aro ya tafi. Wannan ne iyakar hukuncin da aka yi wa gidan.

Abarci bai kai ganin sabon wata ba. Ya cika da rana tsaka, lokacin da Azumi ta fita ɗebo ruwa, hannunsa na dama a damƙe kamar yana riƙe da wani abu.

Mainassara ya fitar da farin ƙyalle mai kyau daga adakarsa, irin wanda ake kawowa daga Kano, ya ce a yi likkafani. Ya sa aka yanka rago ranar sadaka, Rahamatu ta buɗe rumbu aka yi tuwo har ya yi saura. Masu gaisuwa suka cika zaure suna cewa samun ubangida irin wannan sai an tona. Bara ya mutu, an yi masa sutura kamar ɗan gida. Mainassara yana sunkuyar da kai yana cewa ai Abarci ɗansa ne, ƙaddara ce ta riga fata.

Azumi ta yi takaba a gidan, domin ba ta da inda za ta yi ta. Ranar da ta fita, ta ɗaura ƙullin kayanta, ta bi ta bayan rumbuna. Taguwar tana tsaye tana tuƙa, ɗan taguwa yana tsotsonta, ƙafar ta warke ba ko tabo. A gindin dakali Harisu yana nuna wa wani sabon bara, Mamani, inda zai riƙa tsayawa idan kaka ta zo. Igiyar tana rataye a turke. Azumi ta cire ta, ta je ta danƙa a hannun Mamani.

"Kai baƙo ne, ba ka san gidan ba. Wagga ta mijina ce. Dubi inda haƙoransa sunka ci. Ranar da anka ce maka ka dubi inuwa, kai dai ka dubi wagga."

"Ke! Ajiye kayan gida!" in ji Harisu. "Mahaukaciya ce, Mamani, rabu da ita."

Mamani ya dubi igiyar, ya dubi matsin da ke tsakanin bango da inda raƙumi ke gurfana, ya waiwayi zaure. Mainassara yana zaune bisa buzu yana jan carbi. Ya ji komai. Bai ce komai ba.